Ƙasa ta motsa a Mpape: me za mu koya wa yara da mutanen unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malama ce a wata sakandare da ke gefen Abuja. Tun da ƙasa ta motsa a unguwar Mpape ta nan Abuja ɗalibai ke tambayata ko mu ma wata rana za a yi mana girgizar ƙasa irin ta Turkiyya da Maroko. Na so in ware lokaci in koya musu abin da za su yi, sai wasu iyaye suka ce tsoratar da yara ne kawai, wasu kuma suka ce abin da Allah ya ƙaddara ba a yi masa shiri. Shin haɗarin na gaske ne a ƙasarmu? In na gaske ne, me ya kamata a koyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Ki koyar, kada ki fasa. Yiwuwar a yi girgiza mai ƙarfi a Najeriya ƙarama ce, kuma ya kamata ki faɗa wa yara haka a fili don hankalinsu ya kwanta. Sai dai ni da nake aikin gini, abin da ke hana ni sakin jiki shi ne gidajenmu da makarantunmu. Da yawansu ko girgiza matsakaiciya ba za su iya ɗauka ba, wasu ma ƙasa tana zaune lafiya suke zubewa a kan mutane.

Bari mu fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, tunda shi ɗalibai za su fara tambaya. Ɓawon duniya ba dunƙulalle ba ne. Manyan ɓangarori ne na dutse da ke tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. A inda biyu suka haɗu, gefensu yakan maƙale, matsi ya yi ta taruwa shekara ɗari ko fiye, har ranar da dutsen ya kasa riƙewa ya zame gaba ɗaya. Ki ɗauki karan dawa busasshe ki yi ta lanƙwasa shi a gaban aji. Zai jure, ya jure, sai ya karye farat ɗaya, kuma za ki ji karyewar a hannunki. Turkiyya tana zaune ne inda ɓangaren Larabawa ke matse ta ta kudu, shi ya sa a ranar 6 ga Fabrairun 2023 ƙasa ta dare tsawon ɗaruruwan kilomita, da ƙarfin maki 7.8 a ma'aunin girgizar ƙasa, mutum sama da 50,000 suka rasu tsakanin Turkiyya da Siriya. Maroko kuwa tana kusa da inda Afirka ke tura Turai, turin da ya ɗaga duwatsun Atlas tun asali.

Najeriya da Nijar suna tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da waɗannan mahaɗai, a kan tsohon dutse mai kwanciyar hankali. Wannan ni'ima ce babba. Amma tsohon dutsen yana da tsofaffin tsagogi, wasu tun zamanin da Afirka ta rabu da Kudancin Amurka. Masana sun fi ambaton wadda ta taso daga wajen Ifewara a jihar Osun ta nufi Zungeru a jihar Neja. Irin waɗannan tsagogi sukan ɗan zame jefi-jefi. An ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumbar 2016 har bangon wasu gidaje ya tsage, sai Mpape a Satumbar 2018 da kuma Satumbar 2024. A Mpape akwai ƙarin abin dubawa: fasa dutse da nakiya da yawan haƙar rijiyoyin burtsatse, har hukumar Abuja ta dakatar da su na wani lokaci a 2018. Akwai cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, akwai kuma hukumar binciken ƙasa ta tarayya, NGSA. Duk girgizar da na'urori suka auna a cikin ƙasar nan ƙanana ne, ba wadda ta kai maki 5.

Maganar maki tana ruɗar mutane, don haka ki tsaya a kanta. Yaro zai ji maki 4 da maki 6 ya zaci tazarar kaɗan ce. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32, ƙarin maki biyu kuwa kusan sau 1,000. To abin da aka ji a Mpape ko kusa bai kama ƙafar na Turkiyya ba. Sai dai ba maki kaɗai ke kisa ba. Girgizar da ta rushe Agadir ta Maroko a daren 29 ga Fabrairun 1960, cikin watan azumi, ba ta kai maki 6 ba, amma ta kashe mutum sama da 12,000, saboda ba ta da zurfi, ta faru dab da garin, kuma gine-ginen ba a yi su don jure ta ba.

Zama a tsakiyar ɓangare ma ba takardar kariya ba ce. A ranar 22 ga Disambar 1983 girgiza mai sama da maki 6 ta afka wa yankin Gaoual a arewacin Gini, inda ba wanda yake tsammaninta, ta kashe ɗaruruwan mutane. Akara, babban birnin Ghana, kuwa tana da tarihi sananne: 1862, 1906, da ta ranar 22 ga Yunin 1939 wadda ta kashe mutum 17 aka kuma ji ta har Legas. Garin ya ninka girmansa na wancan lokaci sau da yawa, kuma har yanzu ƙasa takan motsa a wajen Weija da Kasoa. 'Yan'uwanmu na unguwannin Nima da Sabon Zango a Akara su ne Hausawan Afirka ta Yamma da wannan magana ta fi shafa kai tsaye. Sai kuma 'ya'yanmu da ke karatu a Turkiyya da Masar da Maroko da Aljeriya, da 'yan kasuwarmu masu zuwa Sin. Cikin ɗalibanki akwai waɗanda gobe za su kwana a bene hawa na takwas a irin waɗannan ƙasashe.

Iyayen da suka kawo maganar ƙaddara kuwa, kada ki yi musu gardama, domin gaskiya suka faɗa, rabi suka bari. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Duk uban da ke sa wa gidansa ƙofa da kwaɗo ya riga ya yarda da riƙo da sababi. Ki nemi limamin unguwa ya faɗi wannan da bakinsa, zai fi shiga kunne fiye da in ke ko ni muka faɗa. Su kuma masu cewa tsoratarwa ce, abin da na gani shi ne yaron da aka ɓoye wa magana ya fi firgita, domin zai je ya ɗauko ta a waya ba tare da mai yi masa bayani ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato gini. A shekarar 2010 an yi girgiza biyu a tsakanin makonni bakwai. Ta Haiti mai maki 7.0, gwamnatin ƙasar ta ce ta kashe sama da mutum 200,000. Ta Chile mai maki 8.8, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi kusan sau 500, ta kashe mutum ɗari biyar da 'yan kai. Dalilai suna da yawa, amma babbansu shi ne Chile ta sha wuya a 1960, ta kafa dokar gini mai tsauri, ta kuma tilasta bin ta. A Turkiyya dokar tana nan a rubuce, mai kyau ma, amma gwamnati ta sha yafe wa gine-ginen da suka saɓa ta in an biya tara, na baya-bayan nan a 2018. Ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu ya rasu ne a Antakya cikin wani katafaren bene na zamani, irin wanda mai kallo daga waje zai rantse ba abin da zai taɓa shi. Mu ma muna da kundin dokar gini tun 2006. Duk da haka bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Legas a Nuwambar 2021 ya kashe sama da mutum 40, wata makaranta mai bene ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024 ta kashe mutum 22. A duka biyun ƙasa ba ta motsa ba.

Gini ya saba ɗaukar nauyi daga sama zuwa ƙasa. Girgiza kuwa gefe da gefe take jijjiga shi, kuma nan ne namu ke kasawa. Ɗauki ginin ƙasa. Girgizar Al Haouz ta Maroko, ta daren 8 ga Satumbar 2023, mai maki 6.8, ta kashe kusan mutum 3,000, akasarinsu a ƙauyukan kan dutse masu gidajen laka da dutse da rufin itace da aka ɗora wa ƙasa. Duk wanda ya ga hotunan zai tuna da sorayenmu. Bango huɗu ne kowanne yana tsaye da kansa, ba abin da ya ɗaure su a kusurwa, sama kuma ga azara ɗauke da ƙasa mai nauyi. Da an jijjiga sai bangon ya buɗe waje, azara ta rasa wurin zama, rufin ya sauko gaba ɗaya. Ƙasa kuma in ta rufta ba ta barin gurbin numfashi kamar yadda kankare kan bari. Irin wannan ne ya faru a Bam ta Iran a Disambar 2003, inda sama da mutum 26,000 suka rasu.

Ba ina cewa a rushe ginin ƙasa ba ne. Yana da sanyi, yana da araha, maginanmu kuma gwanaye ne. Gyaran da yake buƙata ba mai tsada ba ne. A zagaye saman bangon duka da ɗamara ta katako ko ta kankare wadda ba ta yanke ba, a ɗaure azara a jikinta. Kada a kai ƙofa ko taga kusa da kusurwa. A daina ƙara wa rufi ƙasa kowace shekara ba tare da an kankare tsohuwar ba, domin nauyin yana taruwa ba a sani ba. A duba azarar da gara ta ci, a gyara gindin bangon da ruwa ya zaizaye. Wannan gyaran shi ne dai wanda zai hana ɗaki faɗawa kan iyali a tsakiyar watan Agusta, abin da muke ji kowace damina.

Ginin bulo da siminti ya fi yaudara, domin fenti yana rufe komai. Bulon da za ki murje da yatsa ya zube, an ninka yawan da buhu ɗaya ya kamata ya fitar. Rodi sirara, zobban da ke ɗaure rodin fila an warwatsa su nesa da juna, bakinsu kuma ba a lanƙwasa shi ciki ba, ta yadda da an jijjiga za su buɗe. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, amma mai gida yana sauri a cire katako a ɗora wani hawa. Ga ɗabi'ar ƙara bene a kan harsashin da aka yi don hawa ɗaya. Mafi muni shi ne benen da ƙasansa shaguna ne zalla, gaba a buɗe, ba bango, wani lokaci ma har a sare fila don shago ya yi faɗi. Irin waɗannan su ne suka fara durƙushewa a Turkiyya. Hanyar da ta tabbata a ƙasashe masu girgiza, kuma kowane birkila zai iya, ita ce a fara ɗora bango, a bar bakinsa da haƙora, sannan a zuba fila a kowace kusurwa da gefen kowace babbar ƙofa, a zagaye ginin duka da lintal ɗaya maimakon guntaye a saman ƙofa da taga. Cikin ajinki akwai 'ya'yan magina, akwai kuma masu gidajen gobe. In sun fita da wannan kaɗai, darasin ya biya.

Sai abin da mutum zai yi in ƙasa ta fara motsi. Girgiza mai ƙarfi takan ɗauki daƙiƙoƙi ne zuwa minti ɗaya ko biyu, kuma tana kayar da mai gudu. Shawarar da hukumomin agaji na duniya suka tsaya a kai ita ce mutum ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashin tebur ko benci mai ƙarfi, ya kare kansa da wuyansa da hannu ɗaya, ya riƙe ƙafar teburin da ɗayan har motsin ya tsaya. In babu tebur, ya raɓe jikin bangon ciki, nesa da taga da kabad. In a gado yake, ya kife ya rufe kansa da matashi. Wanda ke bene kada ya nufi matakala ana cikin girgiza, kada ya shiga na'urar hawa bene, kada kuma ya yi tsalle ta taga. Tsayuwa a bakin ƙofa da ake cewa kariya ce, ba ta da tushe a gidajen yau. Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp mai cewa a kwanta a gefen kaya maimakon ƙarƙashinsu, masana sun yi watsi da shi tun da daɗewa.

Amma akwai togaciya wadda ta shafe mu fiye da kowa, kuma masu wannan shawara da kansu sun faɗe ta. Wanda ke cikin ɗakin ƙasa mai rufin soro, a hawa na ƙasa, ƙofa kuma kusa, fita ta fi masa, domin tebur ba zai riƙe wannan rufin ba. Tsarin gidan Bahaushe ya taimaka a nan, tunda kusan kowane ɗaki yana buɗewa ne zuwa tsakar gida. A fita tsakiyar tsakar gida a durƙusa, nesa da katanga da rawanin soro da tankin ruwa. Kada a bi ta zaure a faɗa lungu, domin lungu mai katanga hagu da dama ya fi ɗakin haɗari. Saboda haka kada ki ba yara ƙa'ida ɗaya ki sallame su. Ki ba su aikin gida: kowa ya zana gidansu, ya nuna irin ginin, ya sa alama a wurin da zai fake da wurin da zai guje wa, ya nuna wa iyayensa.

Akwai wata magana da nake so ta kai ga magidanta. A girgizar Herat ta Afganistan, ranar 7 ga Oktoban 2023, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu mata ne da yara. Da hantsi ta faru, maza suna gona da kasuwa, mata suna cikin ɗakunan laka. Mu ma da rana mata da ƙananan yara da tsofaffi ne a gida. In an tara maza a ƙofar mai unguwa an yi musu bayani an watse, to an bar waɗanda abin zai fi samu. Dole ilimin ya shiga cikin gida ta makarantun Islamiyya na matan aure, ta asibitin awo, ta rediyo. Kuma ya kamata kowane maigida ya faɗa wa iyalinsa tun yau, da bakinsa, cewa in gobara ce ko ambaliya ko girgiza, a fita kawai, ba jiran izini, ba komawa ɗauko mayafi ko kaya. Kulle gida ta waje a tafi da makulli kuwa, wannan a daina shi.

A makaranta, abin da na fi tsoro shi ne turmutsitsi. A girgizar Alƙahira ta ranar 12 ga Oktoban 1992, wadda ta kashe sama da mutum 500, cikin mamatan akwai ɗaliban da ba gini ne ya danne su ba, tattake su aka yi wajen rububin fita. Ki tsaya a ajinki ki ƙirga: yara nawa, ƙofa nawa, ciki take buɗewa ko waje, tagogin an toshe su da ƙarfe ko akwai wadda za a iya buɗewa, matakala nawa ce a benen, ƙofar makaranta wa ke riƙe da makullinta. Maganin turmutsitsi atisaye ne. A buga ƙararrawa ta daban, yara su fake, sannan su fita aji bayan aji ba gudu, su taru a fili nesa da gini da wayar lantarki, malami ya kira suna daga rajista. A ware manyan ɗalibai da za su kama hannun masu lalura. A yi shi aƙalla sau ɗaya kowane zango, wani lokaci ba sanarwa, har jiki ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Japan ta ware 1 ga Satumba ta kowace shekara don wannan, tunawa da girgizar Kanto ta 1923.

Daga Japan ɗin akwai labarin makarantu da ya kamata kowane shugaban makaranta ya ji. Ranar 11 ga Maris 2011, bayan girgiza mai maki 9, igiyar teku ta tsunami ta afka wa gaɓar arewa maso gabas. A garin Kamaishi, Farfesa Toshitaka Katada ya shafe shekaru yana aiki da malamai, suna koya wa yara kada su dogara da hasashen hukuma kan inda ruwa zai tsaya, su yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma kowa ya zama na farkon gudu. Ranar da abin ya zo, 'yan ƙaramar sakandare suka ruga tudu, 'yan firamare na kusa suka gan su suka bi, manya suna jan ƙanana. Da suka isa wurin da aka tanada suka ga bai yi musu ba, suka ƙara hawa. Cikin ɗalibai kusan 3,000 na garin, kusan duka sun tsira, alhali garin ya rasa mutum kusan dubu. A firamaren Okawa kuwa, a Ishinomaki, an tara yara a fili kusan minti 50 ana shawarar inda za a nufa, ga tudu a bayan makarantar. Ruwan ya tafi da ɗalibai 74 cikin 108, da malamai 10. Daga baya kotu ta ɗora laifi a kan rashin tsari tun kafin ranar.

Mu ba mu da tsunami a Arewa, amma muna da ruwa. Madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri cikin dare a Satumbar 2024, ambaliyar Mokwa ta zo da asuba a Mayun 2025. Tambayoyin ɗaya ne da na Okawa: ina tudu mafi kusa, ta wace hanya, wa zai ce a tashi, wa zai ɗauki tsohuwar da ba ta iya tafiya. Shi ya sa nake ba ki shawara kada ki kira darasin naki darasin girgizar ƙasa kawai. Ki haɗa shi da gobara da ambaliya da ruftawar gini. Iyayen da ke ganin girgiza labarin nesa ne ba za su musa waɗannan ba.

Bayan motsi ya tsaya, a fita, kuma kada a koma. Girgiza takan dawo. A Turkiyya ta biyu mai maki 7.5 ta zo bayan kimanin awa tara, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta raunana. A rufe tukunyar gas, kada a ƙyasta ashana, a yi amfani da tocila, a sa takalmi saboda gilashi da ƙusa. A tura saƙon rubutu maimakon kira, don layi yakan cushe. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, yara su haddace ta tare da lambar mutum ɗaya na gida. Kowane iyali su san wurin haɗuwa in an rabu. Tanadin gida ba wani abu mai yawa ba ne: ruwan sha na kwana uku, tocila, maganin masu ciwon suga da hawan jini, ɗan kuɗi a hannu, takardun gida da na makaranta a leda ɗaya, hotonsu kuma a waya.

Wa zai ciro wanda gini ya danne? A girgizar Kobe ta 1995, a ƙasa mai kayan aiki irin Japan, bincike ya nuna kusan kashi 8 cikin 10 na waɗanda aka ciro da rai maƙwabta ne da dangi suka ciro su. A ƙauyukan Atlas duwatsu sun toshe hanya, mutane da hannu da shebur suka yi ta tono kafin agaji ya iso. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da hukumomin jihohi za su zo, amma awannin farko na mutanen unguwa ne, kuma a cikinsu ake samun mafi yawan masu rai. Mu kuwa Allah ya hore mana abin da wasu ke nema da kuɗi: al'adar gayya, 'yan agajin masallatai, 'yan sintiri, ƙungiyoyin matasa. Zuciyar taimako tana nan, horo ne babu. Na ga wurin da gini ya rufta jama'a suka hau kan ɓaraguzan suna ihu, wasu suna ɗaukar hoto, nauyinsu yana ƙara danne na ƙasa, hayaniyarsu tana hana a ji mai kira. Abin da ake so a koya musu shi ne mutum ɗaya ya jagoranta, a tambayi wa da wa ke ciki kuma a wane ɗaki, a riƙa yin tsit lokaci-lokaci ana saurare, a kwashe da hannu da bokiti daga sama, a tokare abin da ke rawa da katako, kada a sa motar tono inda ake zaton akwai mai rai. Wanda aka ciro kada a ja shi ta hannu ko a naɗe shi a bayan babur in ana zargin wuya ko baya ya taɓu, a ɗora shi a kan ƙyaure ko allon katako. Jini kuma a danne shi da tsumma mai tsabta. Wanda ya daɗe da nauyi a kan ƙafarsa, ko ya fito yana magana, a kai shi asibiti, don ƙodarsa na iya tsayawa daga baya. Shi kuma wanda ke ƙarƙashi ya rufe hanci da baki da riga, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙarfe ko bango, ya adana muryarsa. Ƙungiyar Red Cross tana ba da horon taimakon farko, ki nemi reshen da ke kusa da ku su zo makaranta.

Ki kuma yi wa yara rigakafin jita-jita. Har yau babu masanin da zai iya faɗin rana da wuri da ƙarfin girgizar da za ta zo. Abin da ake da shi a Japan da Meziko, da kuma a wayoyin Android a ƙasashe da dama, gargaɗi ne na 'yan daƙiƙoƙi bayan girgizar ta riga ta fara a wani wuri, domin saƙon waya ya fi igiyar girgiza sauri. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan ta Haiti, saƙon ƙarya ya zagaya Ghana cewa girgiza na tafe, mutane birjik suka kwana a waje. Duk saƙon da ya ce gobe ƙarfe kaza, ƙarya ne, kada a tura shi gaba.

Tunda kuna kusa da Mpape, ki fara da ginin makarantar taku. Ki zagaya da shugaban makaranta da wakilin iyaye ku duba bango. Siririyar tsaga a jikin filasta yawanci ba komai ba ce. Wadda za ta dame ku ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ta ratsa bulo har ana ganinta ta ciki da waje, ko wadda ke jikin fila ko ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare, musamman in rodi ya fito ya yi tsatsa. Ƙofar da ta fara cijewa ba dalili ita ma alama ce. Ku ja layi da biro a ƙarshen kowace tsaga, ku rubuta kwanan wata, ku ɗauki hoto, ku dawo bayan mako biyu. In ta wuce layin ko ta ƙara buɗewa, a kwashe yara daga wannan ajin a ranar, a kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ya duba, kuma kada a bari birkila ya shafe ta da siminti kafin ya iso.